Gashin Jimina a Runjin Sambo

Jabbi ne ya kawo ta daga Jos,
cikin tsumman buhu mai danshi,
a ƙasan kujerar mota, tsakanin jarka da dankali.
Saiwa ce kawai, baƙa, mai ƙulle-ƙulle kamar citta.
Mai lambun ya faɗa masa sunanta,
sunan ya faɗi a hanya, wajen Gusau.
Abu guda ya riƙe: ba ta son rana.

Na yi dariya.
A kawo wa Sakkwato abin da ba ya son rana?
An gayyaci kifi biki a kan tudu.

Duk da haka na zagaya tsakar gida.
Akwai wuri bayan randa, gindin darbejiya,
inda inuwa ke yini ba ta gusawa,
inda albasa ta ƙi, tattasai ya ƙi,
sai kaji ke tona ramin sanyi su kwanta.
Na kore su, na zuba takin awaki,
na binne ta kamar mai ɓoyon kuɗi.

Inno Tumba na kan tabarma tana ɓarar gujjiya.
"Mi za ki yi da hakin da ba a miya da shi?"
Na ce, kallo.
Ta ce, "Kallo bai taɓa cika tukunya ba."

Shekarar fari ganye ta ba ni, ba ƙari,
masu baki tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto.
Sai bazara ta sauka,
irin wadda ƙarfen ƙofa ke cizon hannu,
mai garuwa ya ƙara kuɗi sau biyu a mako.
Ganyen suka soye a tsaye.
Abin da ya rage, akuyar Ige ta tsallako ta ƙarasa.

Na ci gaba da zuba ruwa a ƙasa tsirara:
ragowar buta bayan alwala,
ruwan wankin shinkafa,
ɗigon da randa ke yi cikin dare.
Yara na leƙe ta zaure,
wai Anti na shayar da turɓaya.
Ni ma wani dare na ɗauko wuƙa zan tone,
in ga ko akwai rai, ko gawa nake yi wa hidima.
Na mayar da wuƙar.

Kwana tara bayan ruwan farko
ƙasar ta tsage a wuri uku.
Jajayen tsiro, a naɗe,
kamar hannun jinjirin da bai yarda ya buɗe ba.

Fure kuwa sai a damina ta uku.
Ƙwaya ɗaya tal, kara siriri,
kansa tulin gashi mai laushi,
launin cikin gwaiba, ya kusa fari a tsini.
Iskar da ba ta isa motsa labule ba
ita yake rusuna wa.

A lokacin yana ta rufe idon Inno.
Na kamo hannunta, muka taka a hankali,
ta tsuguna, gwiwa na ƙara,
ta shafa daga gindi har sama, ta sake shafawa,
ta kai shi kumatu.
"Wanga gashin jimina na."
Sunan ya zauna; har Jabbi da shi yake tambaya
in ya bugo waya daga hanya.

Bana saiwar ta yi 'ya'ya, na raba ta gida huɗu.
Guda na aika wa Ige, da sharaɗin igiya a wuyan akuya.
Inno ta sa an mayar mata da tabarma bayan randa.
Ba ta ce ta janye maganar tukunya ba.
Da la'asar dai nakan hango hannunta
yana lalube cikin inuwa.