Takardar Jabbi

An kira ni in zana kamfanin shinkafa
da ke kan hanyar Kalambaina.
Ba bango ba, ba rufin kwano ba,
hanjinsa ake so:
inda buhu ke shiga, inda lissafi ke fita,
wace na'ura ke yi wa wace magana.

Kwana goma sha tara ina jan layi,
akwati, kibiya, akwati, kibiya,
har allon kwamfutata ya koma saƙar gizo.
Na shimfiɗa zanen bisa teburin taro
ina jiran a ce madalla.

Alhaji Ladan ya gyara tabarau,
ya bi kibiya da yatsa har ya ɓace.
"Ɗiyata, ina riba ka kwana cikin wanga daji?"

Kulu akanta ba ta ko zauna ba.
"Ni gwada man inda rasit ka mutuwa
tsakanin sikeli da ofis nau."

Arzika mai sikeli, ƙaiƙayi har cikin gira,
ya ce, "In anka ɗauke wuta,
mota goma na layi, rana ta take,
wane akwati na ka riƙa man alƙalami?"

Modi na Wurno ba a gayyace shi ba.
A bakin ƙofa na iske shi kan buhunansa,
tambayarsa ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba:
"Yaushe kuɗɗina ka faɗowa waya?"

Na koma Mabera da zanena a hammata.
Ban yage shi ba. Gaskiya ne,
sai dai gaskiyar da ba ta san sunan kowa ba.
Daren nan na tuna Rima ina yarinya:
masunci na duban inda ruwa ya yi duhu,
mai lambu na auna nisansa da albasa,
mai wanki dutse kawai yake nema.
Ba wanda ya yi wa gulbi ƙarya a cikinsu.

Sai na ɗebi takardu huɗu daga tukunya ɗaya.
Ta Alhaji, akwati shida da jan alli.
Ta Kulu, sawun kowace naira.
Ta Arzika, har da ranar da babu wuta.
Ta Modi layi guda ce, da kwanan wata.

Da na jera su baki da baki
kamar mai haɗa ƙyallaye,
gefen Kulu ya ƙi kama gefen Arzika.
Taki ɗari biyu tsakani, babu waya, babu kibiya,
amma kullum rasit na isa.

Na je na tsaya na gani.
Wani yaro, Jabbi, mai kawo shayi,
shi ke cusa takardun a aljihun gaba,
ya tsallaka tsakar kamfani da tire a hannu.
Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi,
ranar ce rasit ke mutuwa.

Shekara bakwai kamfani na rataye da aljihunsa,
ba ya cikin littafin albashi,
ba ya cikin zanena.

Na ciro takarda ta biyar, fara fat,
na ce, "Jabbi, kai mi kaka gani?"
Ya aje tire, ya goge hannu a riga,
ya karɓi biro.