Baitin da Yara Suka Manta

A Maramuresh, daren jajiberin Kirsimeti,
dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.
Na ce bana ba zan buɗe ƙofa ba.
Duk da haka na jera tuffa shida a faranti.
Hannu idan ya saba, ba ya jin magana.

Sai ga jikokin Gavrila maƙeri
da tauraron takarda a kan sanda,
hanci ja, numfashi kamar hayaƙi.
Suka ɗauko waƙar nan ta uwa
mai lallashin jaririnta a komin shanu.

Ba ta fi sauran daɗi ba, na sani.
Akwai ta makiyaya mai sa ƙafa motsi,
akwai ta mala'iku, wadda Fada Todor ke ja
har ƙararrawar coci ta ji kunya.
Amma wannan ce Floarea ke rerawa
tana murɗa burodi, gari har gira,
tana tuntuɓe a kalma ɗaya
shekara arba'in da ɗaya.

A baiti na uku yaran suka tsaya cak.
Ƙaramar ta fara cizon safar hannunta.

Ni da ko ranar aurena ban yi waƙa ba,
sai na ji muryata ta fita ta taga,
tana ƙara kamar tsohon ƙyaure,
ta miƙa musu baitin
da kuskurenta a ciki. Ban gyara ba.

Haka suka karɓa, suka tafi da shi
gidan Anutsa, gidan mai niƙa, har gangaren kogi.
Ina jiyo su.

Tuffa ɗaya suka bar mini.