Dutse na Bakwai

Kaka Moeata ta tuɓe takalmi tun daga bakin rairayi,
ta ce in sassauta murya:
marae ne nan, ba kasuwar kifi ba.

Baƙaƙen duwatsu shimfiɗe kamar tabarma,
gansakuka ta cinye gefensu.
Can gaba, manyan allunan murjani a tsaitsaye,
teku na numfashi a bayansu.

"Nan Teriihopu yake jingina," in ji ta,
"nan kuma ɗansa, mai karanta taurari,
wanda ya kai kwalekwale inda ido bai kai ba."
Ta ƙirga shida da yatsa.
A na bakwai ta yi cik.

Sunan ya ɓace mata.
Leɓɓa na motsi, babu abin da ya fito.
Ƙaguwa ta leƙo daga ƙarƙashin dutsen,
ta dube mu, ta koma.

Ni da na zo ɗaukar hoto
sai ga ni riƙe da gwiwar hannunta.

Ta ajiye ganye ɗaya, ta danne da tsakuwa.
"Ai ya san kansa," ta ce.

Muka juyo. Ashe ruwa ya hau,
ya tafi da takalminta ƙafa ɗaya.
Ta yi dariya har da tari.