Ganyen Gawo

Talata da Alhamis, in an sallame la'asar,
nakan jingine babur a ƙofar Alhaji Nomau,
nan Ali Ɗan Sofo, daura da mai faci,
in shiga zaure da littafi guda
wanda ya riga takalmina tsufa da tsagewa.

Jaka goma a wata muka yanke.
Alhaji ya ce, "Mushe, Ingilishin ciniki nake so,
wanda yaro zai tsallaka Ɗan Isa da shi, ya sauka Jibiya,
ba a cuce shi a lissafin buhu ba."
Na ce to.
Ban ce masa waƙa takardar makaranta ke tambaya ba;
mai haya a wuya ba ya yawan fassarawa.

Tsahiru ne ɗalibin. Ido a littafi,
babban yatsa a salula ƙarƙashin tabarma.
Ƙanwarsa Balkisa ba ta cikin jakar goman,
ruwa take kawo mini a kwanon sha,
sai ta manta da hanyar komawa.

Ranar nan muna kan waƙar wani Bature
da ya daɗe a ƙasa,
yana kuka don itatuwan garinsu sun tuɓe,
ganye ja, ganye rawaya, duk a kan hanya.
Na ɗauki alli na rubuta abin da aka rubuta mini
shekara goma sha bakwai da suka wuce:
zubar ganye tsufa ne, zubar ganye mutuwa ce.
Ku haddace, haka ake son amsawa.

Tsahiru ya kwafa har da tabon allon.

Daga bakin ƙofa aka ce, "Mushe,
gawon gonar kakarmu a Jiratawa
sai ruwa ya sauka yake zubar da nasa.
Kowa na saka kore, shi yana tuɓewa.
Hatsin gindinsa kuwa ya fi na kowa kai.
To a nan wa ya mutu?"

Na duba littafi. Na duba bayan littafi,
inda amsoshi ke kwance kamar awaki da tsakar rana.
Babu gawo.
Na ce, "Mai gyaran takarda bai taɓa noma gindinsa ba."
Ta ce, "Ai sai a gaya masa."
Nan wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
ban taɓa gode wa duhu haka ba don rufa asirin mai koyarwa.

Alhamis ta miƙo mini warin takarda,
layi tara, da biron da ke tsallake harufa.
Ingilishin na ɗingishi, aikatau ya baro jiya ya faɗa gobe,
amma ga gawo tsaye a ciki, tsirara cikin damina,
ga tsohuwa da kwashe, ga inuwar da ta janye
don rana ta sami ƙananan da ke tasowa.

Na buɗe jan biro a gida, gaban fitila.
Kuskure goma sha ɗaya na ƙirga.
Har asuba ban sa masa hannu ba.

Ƙarshen wata Alhaji ya lissafo kuɗi a zaure.
"Yaya yaron? Ya iya tayi?"
Na ce, "Yana kusa, Alhaji."
Na ninke kuɗin, na sa a aljihun da takardarta take,
na tura babur, don man ya ƙare tun wajen zuwa.