Fartanyar da Na Bari

Na gudu daga gonar babana a Bakori,
na rantse tafin hannuna ya gama yin kanta.
Sai ga ni a Lexington ta jihar Nebraska,
masara gabas, masara yamma,
kamar ta biyo sawuna tana dariya.

Shekara shida ina fiɗa a masana'antar nama,
wuƙa a dama, sanyi a ɓargo.
Ranar da 'yata Barmani ta tambaye ni
a wace bishiya ake tsinko gyaɗa,
na ajiye cokali.
Loma ta ƙi wucewa.

Na koma aji da furfura uku a gemu.
Karatun dare, bashin makaranta,
sunayen ƙasa masu karya haƙori,
cutar shanu, lissafin taki,
sai zango guda a bayan Misis Halvorsen
ina zuga mata wuta kamar yaron maƙeri.
Jarrabawar lasisi ta kayar da ni sau ɗaya.
Na kwana biyu ban yi magana ba,
na uku na sake biyan kuɗin zama.

Yau ƙanƙara ta rufe filin ƙwallo,
mu muna ɗakin gilashi, tumatir na fure.
Ga Mateo, ubansa na tatsar shanun da ba nasa ba.
Ga Kaylee, magajiyar eka dubu,
idonta na kan hanyar birni.
Na san wannan kallon, na taɓa yin sa.
Ban ce mata zauna ba.
Na zuba mata ƙasa a tafi,
na ce murza, shinshina,
faɗa mini abin da take nema.

Babana da harshe yake ɗanɗana ƙasa.
Ni sai na aika ta ɗakin gwaji a leda,
bayan mako biyu takarda ta dawo
da amsar da tsoho zai bayar a tsaye.

Albashin bai taka kara ya karya ba.
Amma manoman garin nan gwiwa ta fara ƙi,
rumbunansu na ƙarfe na jiran mai buɗewa,
dole wani ya tsaya tsakanin yaro da iri.

Ran Juma'a na buga waya gida.
Ya ce, me kake koya musu ne?
Na ce noma.
Shiru, har na duba ko layi ya yanke.
Sai tari, sai dariya:
"Sallau, har Amurka ka je ɗauko
fartanyar da ka bari a zaure?"