Canji

Bayan isha'i yakan zo,
da ƙaurin baƙin mai a hannun rigarsa,
daga kamfanin matsar waken soya da ke hanyar Jos.
Guoliang sunansa.
Yaran Tudun Wada suka mai da shi Gwaliyan, bai ce a'a ba.
Ni ke koya masa Turanci a zaurena,
ni da na ajiye alli shekara tara,
fansho kuwa sai an ga dama.

Ran nan ya buɗe littafinsa,
ya danne kalma guda da yatsa kamar zai kashe kuɗin cizo,
wadda mu ma muka ara tuntuni,
muka yanka mata rago, ta zama canji.
Ya ce, "Malam, wannan ba ta da amana.
Jiya na ɗaure ta da ma'ana ɗaya a harshenmu,
yau na tarar da igiya kawai."

Mai shayi a Kwangila ya ce babu ita,
ya miƙo masa alewa biyu a madadin naira hamsin.
Direba ya ce za a yi ta a gaba,
sai ga shi da jakarsa a cikin wata mota.
A Sabon Gari wani mai faffaɗan aljihu
ya yi masa ita da dala.
A bango kuma, tsohuwar fastar da damina ta cinye rabinta
har yanzu alkawarinta take yi.

Na ce, kalma ba ta zama ita kaɗai,
dubi wa ke gefenta.
Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.
Kada ka ga laifin Bature,
mu ma muna da ci:
a ci tuwo, a ci kasuwa, a ci jarrabawa,
a ci bashi, a ci amana,
wuta ta ci rumfa, a ci gaba da zama.

Sai ya tuntsire da dariya har tabaransa ya zame.
"Ci? Mu ma kusan haka muke faɗi in za mu kai loma!
Ku shan wahala kuke yi,
mu cin ɗaci muke ce mata."
Muka dubi juna,
mutum biyu da Turanci ya tara a tabarma ɗaya,
ashe tun daga gida bakinmu ya san juna.

Can ya yi shiru.
Ya ciro waya, ya nuna min yarinya mai giɓi.
Tana rarrafe ya baro ta.
Jiya, in ji shi, ta leƙo fuskarsa a gilashi
ta ɓuya bayan uwarta,
uwar ta ce, "Kai ne ka canza."

"Malam, wannan wacce ce a ciki?
Ta kuɗi ce, ko ta mota?"

Na juya ƙamus, na rufe.
Aka ɗauke wuta.
Muka zauna muna jin janareton maƙwabta.

Da zai tafi ya ba ni dubu biyar, kuɗin sati huɗu da rabi ne.
Ina laluben aljihu a duhu
ya dafa hannuna, ya faɗa da Turanci tsaf, ba gargada,
karo na farko:
"Riƙe canjin."