Dutsen Kunne

A Yelwan Yauri, kafin ladan ya sake kira,
ni da Magawata mun riga mun jiƙe.
Shi da filafili, ni da littafi a leda,
da ma'aunin da ke ƙin aiki in ya sha raɓa.

Ranar da na fara zuwa, da sabon digiri da takalmin roba,
na kira kurungu da sunan da aka koya mini a aji.
Ya yi dariya har jirgi ya karkata:
"Ɗiyata, ƙara kira, mu gani ko shina amsawa."
Kurungu ya yi gurnani a tafina, ya kafa mini ƙaya.
Tabon na nan.

Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina tsaga kan kifi, ina ciro dutsen kunne,
ɗan fari, wani bai kai ƙwayar shinkafa ba.
In an goge shi an haska, sai ga zobe bisa zobe:
nan ruwa ya cika ya hau fadama,
nan ya janye,
nan yunwa.
Kifi ba ya mantuwa, a cikin kansa yake rubutu.

Wata shekara wuta ta ɗauke kwana tara,
aikin damina biyu ya ruɓe a firji.
Ni na haƙa ramin, bayan tsangaya.
Daga baya aka ba ni kujera da hula mai tuntu,
aka yi tafi.
Magawata kuwa yana can ƙasan shafi,
wurin godiya, da ƙananan baƙaƙe,
su ma an rubuta su ba daidai ba.

A littafin farko, layin yauni cike yake.
Yanzu karfasa, tarwaɗa, karfasa,
gaban yauni kuma sifiri, wata bayan wata.
Ina ce wa ɗalibai su rubuta shi da kyau,
sifiri ma ƙidaya ce.

Bara aka kai shi makwanci. Ɗansa kabu-kabu yake yi.

Yau Kulu, ɗalibata, ta ce,
"Malama, ta yaya ya san inda suke kwana?"
Na naɗe hannun riga yadda yake yi,
na tsoma har gwiwar hannu, na rufe ido.
Na daɗe.
Sanyi kawai na ji,
da gulbi yana wucewa tsakanin yatsuna.
Na ce mata, "Rubuta ƙarfe nawa. Jefa tarun."